Tsofaffin Gatura na Finlan da Sikandinebiya: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Tarawa

Duk baƙon da ya shigo ɗakina ya ga gatura jere a bango, wasu da ƙota wasu babu, sai ya yi turus. Daga mai tambayar ko faskare na koma yi, sai mai ɗaukar ɗaya ya jujjuya ya ce, "Wannan ai tsatsa ce zalla, nawa ka ba da?" Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini, haɗe da waɗanda ni ma na yi wa na gaba da ni lokacin da na fara.

Gatarin Finlan da na Sikandinebiya ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Sikandinebiya a asali ƙasashe uku ne: Suwidin, Norwe da Denmak. Finlan maƙwabciya ce, harshenta ma dangi daban ne. Mutumin Finlan yana ce wa gatari kirves, na Suwidin ya ce yxa, na Norwe ya ce øks. Sai dai tarihi ya cuɗa su. Finlan tana ƙarƙashin sarautar Suwidin har zuwa 1809, daga nan ta koma hannun Rasha, ba ta tsaya da ƙafarta ba sai a 1917. Shi ya sa tsofaffin masana'antun ƙarfe na Finlan suke da sunaye na harshen Suwidin, kuma shi ya sa sabon shiga yakan ga "Billnäs" a jikin gatari ya rantse daga Suwidin ya fito.

To yaya zan gane na Finlan da ido, ko da tambarin ya goge?

Fara da tuna gatarinmu na gida. A wurinmu wutsiyar ƙarfen ce ake cusawa cikin kan ƙota mai kumburi. A can akasin haka ne, ƙarfen ne ke da rami, ƙota ta shiga cikinsa. Wannan ramin suna ce masa silmä, wato ido.

Abin da ya fitar da na Finlan daban shi ne wuya. Idon ba ya tsayawa daidai faɗin ruwan gatarin, yana zarcewa ƙasa kamar hannun riga ya rungume ƙota. Idan ka kwantar da kan gatarin a tebur za ka ga siffarsa kamar takalmin sojan da aka kifar: ga wuya dogo, ga ruwa siriri da ya miƙe gaba. Leƙa cikin idon kuma, za ka ga ya fi faɗi ta ƙasa inda ƙota ke shiga, ya tsuke ta sama.

Sai ka ɗaga shi ka dube shi ta sama, kamar mai duba miƙewar sanda. Na Finlan yana da kauri, yana tafiya daga ƙeya zuwa baki a miƙe kamar weji, babu ramewar kumatu irin ta gaturan Amurka. Bakin ba shi da faɗi sosai. Ita ƙeyar, wadda suke kira hamara, a tsofaffi da yawa za ka tarar an liƙa mata wani faranti na ƙarfe mai tauri, har ana ganin layin haɗin.

Wannan duba na ido ya fi tambari muhimmanci a wurina. Tambari yana gogewa, ana kuma iya buga na jabu. Siffa ba ta ƙarya, don aikin da gatarin ya yi ne ya tsara ta.

Me ya sa suka yi masa dogon wuya? Ado ne?

Ba ado ba ne, itace ne ya jawo. Ƙotar gatarin Finlan da koivu ake yin ta, itacen nan mai farin ɓawo da ya cika dajinsu. Yana da sauƙin sassaƙa, ba shi da nauyi, ba ya kuma girgiza hannu, amma bai kai itacen hikori na Amurka juriya ba. Idan aka sa shi a gajeren ido, duk ƙarfin sara zai taru a wuri ɗaya ya karya shi. Dogon wuya yana raba nauyin, yana kuma kare ƙota idan mai faskare ya kuskure ya bugi gungume da ita.

Kaurin ruwan kuma sanyi ne. A da, yawancin saran itace a dajin arewa da hunturu ake yi, saboda a lokacin ne doki zai iya jan gungume a kan dusar ƙanƙara. Itace ya daskare ya yi tauri, ƙarfe ma idan ya yi sanyi ƙwarai yana saurin ɓantarewa. Baki siriri ba ya kai labari a irin wannan yanayi. Ga shi kuma talaka ba shi da gatura biyar, guda ɗaya ne zai kayar da bishiya, ya sare rassa, ya dawo gida ya faskara na murhu.

Waɗanne sunaye zan nema a gaturan Finlan?

Na farko Billnäs. Wani attajiri mai suna Carl Billsten ne ya kafa masana'antar a 1641, a bakin kogin Mustionjoki da ke kudu maso yammacin ƙasar, cikin yankin da yanzu ake kira Raasepori. Ruwan kogin ne ke juya injin guduma, shi ya sa duk tsofaffin masana'antun nan a bakin ruwa suke. Kusa da ita akwai Fiskars, wadda aka kafa a 1649, kuma a 1920 Billnäs ta koma ƙarƙashinta. Fiskars ɗin nan ita ce mai almakashi mai hannu ruwan lemo. Gaturanta na zamani masu ƙotar roba har yanzu a Billnäs ake yin su, ko da yake mai tara na gargajiya ba ya ko kallonsu.

Na biyu Kellokoski, a Tuusula, arewa da Helsinki, wadda ta faro a 1795. Sunanta da harshen Suwidin Mariefors, don haka idan ka ci karo da sunayen biyu, wuri ɗaya ake nufi. Akwai kuma Strömfors a Ruotsinpyhtää, can gabas, gaturanta ba su kai na waɗancan biyun yawa a kasuwa ba.

Bayan waɗannan akwai na maƙeran ƙauye, marasa suna, ko masu wata 'yar alama da mai ita kaɗai ya san ma'anarta. 'Yan kasuwa ba sa sa musu kuɗi da yawa. Ni kuwa su na fi so, don a jikinsu ake ganin sawun masaba ɗaya bayan ɗaya.

Mene ne ma'anar lambobin da ake gani a jikin gaturan Finlan, 12/1, 12/2, 12/3?

Lambar farko samfuri ce, ta biyu girma. Samfurin 12 shi ne gatarin Finlan da aka fi sani, ana yi masa laƙabi da Kemi, sunan wani gari na 'yan katako a arewa. Abin da ke rikita mutane shi ne lissafin a juye yake: 12/1 ya fi nauyi, 12/2 matsakaici, 12/3 ƙarami. Billnäs da Kellokoski duk sun yi samfurin 12, saboda haka lambar kaɗai ba ta gaya maka wanda ya ƙera.

Idan kuma ka ga haruffa SA, na rundunar sojan Finlan ne, Suomen Armeija. A Suwidin kayan soja kambi uku ake buga musu.

Na Suwidin fa?

Su ma a da masu wuya suke yi. Amma a ƙarshen ƙarni na 19 masana'antunsu suka rungumi fasalin Amurka: gajeren ido, faffaɗan baki, siraran kumatu, ƙeya mai nauyi, da ƙotar hikori. Har sunayen samfurin ma daga can suka ɗauko, irin su Yankee da Montreal. Da wannan suka shiga kasuwannin duniya, shi ya sa tsohon gatarin Suwidin ya fi na Finlan sauƙin samu a wajen Turai.

Hults Bruk ita ce uwa, tun 1697 take kusa da Norrköping. Tambarinta HB, kuma sunan Agdor nata ne, galibi da shuɗin fenti. Wetterlings ta Sven Axel Wetterling ce, ya kafa ta a 1880, mazauninta Storvik, tsofaffin gaturanta suna ɗauke da S.A.W. Gränsfors Bruk, a lardin Hälsingland, ta faro a 1902, a tsofaffinta za ka ga GBA. Za ka kuma haɗu da Säter, Arvika da Urafors.

Labarin Gränsfors ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne ya sauya farashin komai. Zuwan injin yankan itace a shekarun 1950 da 1960 ya kashe kasuwar gatari, masana'antu suka yi ta rufewa, waɗanda suka rage suka koma gasar araha. Gränsfors ma ta durƙushe, Gabriel Brånby ya saye ta a 1985. Abin da aka yi bayan haka shi ne aka daina goge kan gatari ana shafe shi da fenti, aka bar shi baƙi yadda ya fito daga wuta, kowane maƙeri kuma ya buga haruffan sunansa a kai. Don haka Gränsfors mai haruffa biyu na maƙeri, marar fenti, ba tsohon kaya ba ne, komai baƙinsa. Na sha ganin ana tallar irinsa da sunan "na kakanni".

Norwe da Denmak ba su da nasu?

Suna da shi. A Norwe akwai Mustad ta garin Gjøvik, wadda duniya ta fi saninta da ƙugiyar kamun kifi amma ta ƙera gatura masu kyau, da Øyo ta Geilo da ta faro a 1882. Abin da ake nema daga Norwe shi ne gaturan gina ɗakin gungume, sana'ar da suke kira lafting. Denmak ƙasar noma ce, dajinta kaɗan ne, sunan masana'antar da za ka fi gani a gaturanta shi ne DSI.

Yaya ake sanin shekarun gatari?

A nan ne ake yawan ƙarya, don kusan babu gatarin da aka buga masa shekara. Ana haɗa alamu ne.

Alama mafi ƙarfi ita ce yadda aka ƙera shi. A da ƙarfe mai tauri yana da tsada, sai a yi jikin gatarin da baƙin ƙarfe mai laushi, a tsaga bakinsa, a cusa yankin mai tauri a ciki, a mai da wuta har su yi fari, a haɗe su da guduma. Babu waldar lantarki, wuta ce da bugu. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda ake neman sifirin mota don bakin fartanya zai gane dalilin nan take. Idan ka share tsatsa za ka ga layi yana bin bakin gatarin, launin gaba ya bambanta da na baya. Daga baya, da ƙarfe ya yi araha, aka koma yin kan gaba ɗaya da ƙarfe guda.

Sai dai a yi hattara. Gatarin ƙarfe guda ma yana nuna layi, na inda aka tsoma bakin a ruwa ko mai don ya yi tauri. Bambancin shi ne layin haɗi yakan zo da 'yar tsaga ko gaɓa da farce ke ji, kuma idan ka duba ta sama ko ta ƙasa za ka ga ƙarfen mai tauri ya shige ciki kamar harshe. Layin tsomawa kuwa launi ne kawai, sumul.

Sauran alamun: rubutun Turanci mai faɗin ƙasar da aka ƙera yana nuna don fitarwa waje aka yi shi. Nauyi da aka rubuta kashi biyu, kilo da laba, shi ma haka. Ragowar fenti ko takardar kamfani na nuna kayan ƙarni na 20. Tsoffin kundayen tallar kamfanonin, waɗanda masu tarawa suka ɗauki hotonsu suka baza, su ne alƙalai idan gardama ta tashi a kan samfuri. Zurfin tsatsa kuwa ba shekaru ba ne. Gatarin da ya kwana biyu a ƙasa mai laima ya fi wanda ya shekara ɗari a rumbu cinyewa.

Na ga wani mai faffaɗan baki da gajeriyar ƙota. Na yaƙi ne?

Kusan kullum amsar a'a ce. Piilukirves ne, gatarin daidaita gungume. Da shi ake mayar da zagayayyen itace mai fuska huɗu, da shi kuma ake gyara bangon ɗaki bayan an gina. Aikinsa ya yi kusa da na gizago a hannun masassaƙi. Na Finlan yana da kaurin baki, an wasa shi ta ɓangarorin biyu, kuma gwani yana barin sawu a bango kamar igiyar ruwa, layi bisa layi. Wannan sawun ba kuskure ba ne, da shi ake gane hannun mai aikin. Wanda ya samu zuwa Helsinki ya leƙa tsibirin Seurasaari, inda aka tattaro tsofaffin ɗakunan katako daga sassan ƙasar, ya shafa bangon da tafin hannu. Tsohuwar majami'ar Petäjävesi a tsakiyar Finlan, da aka gina tsakanin 1763 da 1765, ita ma aikin gatari ce daga tushe har sama.

Ana sayar da "gatarin Viking na asali", wato na mayaƙan teku na Sikandinebiya na zamanin da, a intanet. In saya?

Kada ka saya. Biyu ne: ko jabu ne, ko na sata. Na jabun sun fi yawa, tsohon gatarin ƙauye ne ake yanke masa ƙasa a fitar masa da "gemu", a jiƙa shi da gishiri ya yi tsatsa.

Na gaskiyar suna gidajen tarihi. Wanda ya fi suna shi ne na Mammen, da aka tono a 1868 kusa da Viborg a Denmak, an yi masa zane da zaren azurfa, kabarin da aka same shi na wajen 970 ne, yanzu yana gidan tarihin ƙasa a Kofanhagan. Masana har yau suna rarraba irin waɗannan gatura da tsarin haruffa da Jan Petersen na Norwe ya fitar a 1919.

Doka kuma ba ta wasa. A Norwe abin da aka tsinta wanda ya girmi 1537 na hukuma ne. A Finlan, dokar 1963 ta ce abin da ya kai shekara ɗari kuma ba a san mai shi ba, sai an kai rahotonsa ga hukumar kayan tarihi. A Suwidin ko na'urar neman ƙarfe a ƙasa ba ka amfani da ita sai da izini. Denmak tana da nata tsarin, danefæ, na miƙa wa hukuma kayan tarihi masu daraja da aka tsinta a ƙasa. Gatarin masana'anta na ƙarni na 19 ko 20 da ya fito daga rumbun wani manomi ba ya cikin wannan, cinikinsa halal ne.

Yaya zan share tsatsa ba tare da na ɓata shi ba?

Bari in ba da labarin wautata. Gatarin Finlan na farko da na mallaka 12/2 ne, na tsince shi a kasuwar gwanjo cikin kwali ɗaya da tsofaffin ƙusoshi. Tambarin yana nan, dishi-dishi, ana iya karanta rabin sunan idan an karkata shi ga haske. Ɗoki ya ɗebe ni, na kai wa wani mai walda na ce ya haskaka mini shi. Ya kunna injin gurza, tartsatsi ya tashi, cikin minti biyar ya miƙo mini abu yana ƙyalli kamar cokali. Tambari ya tafi. Bakin kuma ya yi shuɗi-shuɗi saboda zafi, wato taurin ya mutu, ranar da na fara sara da shi sai ya lanƙwashe kamar gwangwani. Laifina ne, abin da na ce shi ya yi.

Tun daga nan ga yadda nake yi. Burushin waya na hannu da ɗan mai, a bi a hankali, a cire jar tsatsa mai garin nan, a bar baƙin launin da ke ƙarƙashinta. Wannan baƙin kariya ne, kuma shi masu saye ke nema. Wasu suna jiƙawa a ruwan khal kwana ɗaya. Yana cin tsatsa, yana kuma fito da layin haɗin ƙarfe sarai, amma yana barin gatarin toka-toka kamar mara lafiya, don haka ba na yi sai ga wanda tsatsa ta riga ta gama da shi. Wasa baki kuma da magagari da dutsen washi, da hannu. Magagarin ma gwaji ne: idan yana zamewa a bakin yana ƙara siririya, tauri na nan, idan kuwa yana ci kamar sabulu, an ƙone shi ko an cinye ƙarfen mai taurin.

Ƙotar ta ruɓe. In sa sabuwa?

Idan ta asali ce kuma tana riƙe, bar ta. Sau da yawa mai gatarin ne ya sassaƙa ta da kansa daidai hannunsa, wani ma ya yanka haruffan sunansa a gindi. Shafa mata man linsid, ko kwaltar itace da suke kira terva, mai ƙamshin hayaƙi, shi ke nan.

Idan babu makawa, ka sani ƙotar kanti ba ta shiga idon gatarin Finlan. Sai an sassaƙa, ana gwadawa ana cirewa, ana bin inda ƙarfe ya bar baƙin tabo ana kankarewa, har ta cika wuyan tun daga ƙasa. Itacen ya bushe ƙarau, in ba haka ba zai rame ya yi sako-sako. A ƙarshe a buga wejin katako ta sama. Kada a cika idon da ƙusoshi, kada kuma a jefa kan a wuta don a ƙone guntun tsohuwar ƙota, dabarar da ta kashe gatura ba adadi.

A ina ake samu, kuma me zan duba kafin in biya?

A Finlan kasuwar gwanjo ita ce kirpputori, a Suwidin loppis. A intanet akwai Tori da Huuto na Finlan, Tradera da Blocket na Suwidin, Finn na Norwe, sai eBay inda farashi ya fi tsada. Kan gatari ya haura kilo, kuɗin aikowa kan iya fin kuɗin kayan, don haka masu wayo sukan haɗa uku ko huɗu a kwali ɗaya, ba ƙota.

Sayen kaya ta hoto cinikin biri a sama ne, sai ka nemi hotuna huɗu: gefe da gefe, sama, da cikin ido. Duba tsaga a bangon idon. Duba ƙeya, idan ta baje kamar naman kaza an yi ta dukan ƙarfe da ita, kuma wataƙila idon ya buɗe. Abu mafi muhimmanci shi ne tsawon bakin da ya rage. Gatarin da aka yi shekara hamsin ana wasawa yakan gajarce har ƙarfen mai tauri ya ƙare, ya zama ƙarfen banza mai kyakkyawan tambari. Idan ka ga 12/2 ya yi dungu kamar an datse masa hanci, wuce.

Ana aiki da su, ko ratayewa kawai ake yi?

Samfurin 12 da gaturan Suwidin na ƙarni na 20 an yi su da yawan gaske, ka sa ƙota ka yi faskarenka. Ka tuna dai don itace mai laushi na dajin arewa aka wasa su, idan za ka sa su a busasshen itace mai tauri irin ƙirya, ka ƙara wa bakin kauri tukuna. Na maƙeran ƙauye da piilukirves masu tsohuwar ƙota su nake bari a bango, sai dai sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, in sauke su in shafa musu mai.